Cakulan a zamanin mulkin mallaka: wai sha ake yi, ba ci ba?

Dan_Gwale:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata magana nake so masana su warware mana. An ce duk tsawon lokacin da Sifaniyawa suka mulki Meziko, da lokacin da Ingila ke riƙe da garuruwan gaɓar Amurka irin su Boston, ba wanda yake ɓantarar cakulan ya jefa a baki, kaɗa shi ake yi a ruwan zafi a sha. To in haka ne, da me suke niƙa shi tunda babu inji? Kuma abin da suke shan, shi ne dai garin gwangwanin nan da mai shayi ke zuba mana, ko wani abu ne daban?

Baban_Sadiku:
Wa alaikumus salam. Maganar haka take. Cakulan na ci, mai santsin nan da ake naɗewa a takarda, sai a 1847 kamfanin Fry na garin Bristol ya fito da shi. Kayan koko na farko da aka rubuta shigarsu Sifen ta hanyar fatauci kuwa a 1585 ne, daga tashar Veracruz zuwa Seville. Ka lissafa da kanka, shekara 262 kenan Turai tana sha kafin ta fara ci. Amma abin da suke sha ba garin gwangwani ba ne. Nasu ƙwayar ce sukutum da manta, kuma fiye da rabin nauyin ƙwayar koko mai ne.

Gwaggo_Ladi:
Ku tsaya tukuna kada yara su rikice. Wannan kokon ba na koko da ƙosai ba ne, na bishiya ne. Sai kuma ga abin dariya: mutanen Meziko a cikin ƙoƙo suke shan sa, irin na ɗan bishiya da ake fafewa, Sifaniyawa suna ce masa jícara. Koko a ƙoƙo kenan.

Malam_Nafiu_Zariya:
Baban Sadiku, ƙaramin gyara. Cewa "ba wanda yake ci" ta ɗan yi yawa. A ƙarni na 18 masu yin alewa a Faransa da Italiya suna sa shi a 'yan ƙananan alewa da abin sanyi. Sai dai curin da ake sayarwa a kanti don a narka shi aka yi shi. In ka gatsa za ka ji shi gardi-gardi da tsaki, yana marmashewa.

Asalin abin kuma, Aztek, mutanen Meziko da Sifaniyawa suka tarar, da sanyi suka fi shan sa, ba sukari, sai barkono da banila da garin masara, wani lokaci zuma. Abin da suka fi daraja a ciki shi ne kumfa. Mace za ta ɗaga tukunya sama ta tsiyayo cikin wata da ke ƙasa, ta maimaita, kamar dai yadda mai shayi yake shiƙa shayi daga kofi zuwa kofi. Ƙwayar kanta kuɗi ce. Akwai takardar farashi ta garin Tlaxcala ta 1545: macen talotalo mai kyau ƙwaya 100, ƙwan talotalo ƙwaya 3, babban tumatir ƙwaya 1. Sifaniyawa ne suka sa sukarin rake da kirfa, suka mai da shi abin sha da zafi.

Mai_Injin_Nika:
Dan Gwale ya tambayi niƙa, bari in amsa wannan. Dutsen niƙa ne, irin na kakanninmu, sai dai nasu mai ƙafa uku ne, ya ɗan karkata, sunansa metate. Amfanin ƙafafun shi ne a tura kaskon garwashi a ƙarƙashi. Ga yadda aikin yake daga busasshiyar ƙwaya kilo 1.

Da farko a tsince tsakuwa da ƙwayar da ta fumfuna. A soya a kasko ba mai, wuta kaɗan, ana juyawa ba tsayawa kamar suyar gyaɗa, minti 20 zuwa 30. A ma'aunin yau zafin yana tsakanin digiri 120 da 140. Su da ba su da ma'auni da kunne da hanci suke ganewa: ƙwayar ta fara fashewa ƙas-ƙas, warin tsami ya tafi, kuma in ka murza ta da yatsa ɓawon ya saɓule. A baza ta huce, a ɓarza, a bakace da faifai. Ɓawo da ruwan da ya fita a suya sukan ci kusan kashi ɗaya cikin biyar, abin da zai rage maka wajen giram 800 ne.

Sannan niƙa. Man koko yana narkewa a wajen digiri 34, wato dutsen ɗumi kawai yake so, wanda za ka iya ɗora tafin hannu ka bar shi. Zagayen farko gari-gari zai fito. Na biyu ya fara damƙewa kamar markaɗen gyaɗa. Na uku ya yi sheƙi yana zuba da kansa. A nan ake sa sukari da kayan ƙamshi a sake bi. Sai a kwashe da cokali a ɗiɗɗiga kan ganye ko takarda, ko a zuba a mazubi, a ajiye a inuwa ya daskare.

Abin da ke ɓata aiki uku ne. Wuta ta yi yawa a suya: waje ya ƙone, ciki ɗanye, ɗacin ba ya fita ko an juye buhun sukari. Dutse ya yi zafi: mai ya tsatso ya gudu gefe, ƙasan ya kama. Na ukun shi ne ruwa. Ɗigo kaɗan daga jiƙaƙƙen cokali ya isa ya sa ƙullin ya cure ya ƙi tafiya.

Ummu_Hanifa:
Malam mai inji, ban gane na ukun ba. Abin da za a zuba a ruwa a sha, yaya kuma ruwa zai ɓata shi?

Mai_Injin_Nika:
Hajiya, ruwa kaɗan ne matsala, ba mai yawa ba. Ƙullin mai ne da busasshen gari da sukari ke yawo a ciki. In ɗigo ya shiga, sukarin ya jiƙa ya manne da juna ya yi gudaji, kamar ki yayyafa ruwa a cikin gari. In ruwan ya yi yawa kuwa sukarin narkewa yake yi gaba ɗaya, komai ya saki. Shi ya sa ma sukarin zamanin, da yake zuwa a dunƙule kamar kan mazarƙwaila, sai an daka shi an tankaɗe an tabbatar ya bushe kafin ya hau dutse.

Zango_Kumasi:
Duk kun tsallake matakin da ya fi kowanne. Kafin ƙwaya ta zo hannun mai suya, sai ta tsima a gona, in ba haka ba ba za ta taɓa yin ƙamshin cakulan ba. Ana fasa kwanson, a ciki akwai ƙwaya 30 zuwa 40 lulluɓe da farin yauƙi mai zaƙi. A tara su tsibi a kan ganyen ayaba, a rufe da wani ganyen. A Gana kwana 6 ake yi, ana juyawa bayan kowane kwana biyu don iska ta shiga. Tsakiyar tsibin kan kai digiri 45 zuwa 50, in ka cusa hannu sai ka ji shi. Zafin da tsamin su ke kashe ƙwayar su rage baurinta. Duk wanda ya san yadda ake rufe kalwa ta zama daddawa ya gane abin. Bayan nan a shanya a kan tabarmar gora mako ɗaya zuwa biyu, har danshin ya sauko wajen kashi 7 cikin 100.

Mai saye yanka ƙwayar yake yi biyu ya duba. Ruwan ƙasa mai tsage-tsage, ta yi. Launin toka a cunkushe, ba ta tsima ba sam. Launin shunayya, an yi gaggawar buɗewa. Wadda aka busar kusa da wutar itace kuma warin hayaƙi ba ya barin ta har cikin kofi.

Malam_Nafiu_Zariya:
Haka ne, amma kwana 6 ɗin na irin da ake nomawa a Afirka ta Yamma ne, mai ƙarfi da ɗaci. Irin da Sifaniyawa suka fara samu, criollo, cikinsa fari-fari ne, kwana 2 zuwa 3 ya ishe shi. Wanda ya fi tsada shi ne na Soconusco, gaɓar kudancin Meziko. Na Guayaquil a Ekwado ya fi yawa da arha da ɗaci, shi talakan birnin Meziko yake sha.

Bamaradi_77:
Ga ma'auni na ainihi ga mai son gwadawa. Wani likitan Sifen, Antonio Colmenero de Ledesma, ya buga nasa a 1631. Ga kowace ƙwaya 100: barkono 2, kirfa, almon 12, wata gyaɗar bishiya ita ma 12, sukari rabin laba, wasu furannin Meziko, da jan ɗan itacen da ake kira achiote don launi. Ku lura da wani abu. Ƙwaya 100 ba ta wuce giram 100 da 'yan kai ba, rabin laba kuwa ya haura giram 200. Sukarin ya ninka kokon. Duk mai cewa mutanen wancan zamanin ba sa son zaƙi bai ga wannan lissafin ba.

Gwaggo_Ladi:
Bamaradi, wannan ai alewa ce ba abin sha ba. Wanda zai yi yau ya sa sukari rabin nauyin kokon, giram 400 ga giram 800 ɗin da mai inji ya faɗa, in bai ishe shi ba ya ƙara a kofi. Kirfa ƙaramin cokali 2, barkono ɗan tsunkule.

Wajen haɗawa kuwa: kofi ɗaya na ruwa, giram 30 na curin, a kankare shi da wuƙa. A fara dama shi da ruwan zafi kaɗan har ya zama kamar kunu mai kauri, sannan a ƙara sauran ruwan, a mayar wuta ya yi zafi amma kada ya tafasa ya yi ta ɓararraka, don tafasa ce ke raba mai da ruwa. Sai a burga. Abin burgawarsu, molinillo, maburgi ne ba wani abu ba, sanda mai kai da zobba, ana murza ta tsakanin tafin hannu biyu. Butar cakulan ta Turai har huda take da ita a murfi don sandar ta fito, a burga ba a buɗe ba. Kuma kafin a zuba wa kowane mutum sai an sake burgawa, in ba haka ba na farko ya sha mai, na ƙarshe ya sha tsaki.

Dan_Gwale:
Na gode ƙwarai. To amma tambayata ta biyu tana nan. Yaya aka yi aka taso daga wannan mai maiƙon aka iso garin gwangwani?

Mai_Injin_Nika:
Da matsa. A 1828 gidan Van Houten a Holan suka sami lasisin wata na'ura da ke matse ƙullin, man ya sauko daga kashi 50 da wani abu zuwa wajen kashi 27. Abin da ya rage a daka shi ya zama gari. A taƙaice garin koko tunkuza ce, kamar yadda mai ƙuli-ƙuli take matse gyaɗa. Sai suka ƙara wata dabara, suna sa masa sinadari irin na toka, ɗan'uwan kanwa, ya kashe tsamin, launin ya yi duhu. Man da aka matse kuma shi aka mayar cikin wani ƙullin da sukari aka sami na ci. Daniel Peter a Switzalan ya sa madara a 1875, Rodolphe Lindt ya ƙera injin da ke murza shi sa'o'i masu yawa a 1879. Harshe yana jin duk ɗan tsakin da girmansa ya wuce kashi 30 cikin 1,000 na milimita, dutse da hannu kuwa ba sa sauka ƙasa da haka. Na gwangwanin mai shayi ma ba zallar garin koko ba ne, mafi yawansa sukari ne da tsiron sha'ir da madara.

Baban_Sadiku:
Kafin matsar nan, maganin maiƙon shi ne a zuba abin da zai shanye shi. A Meziko ƙullin masara suke sawa, har yau suna shan sa da sunan champurrado, kunu ne sak. Ingilishi suna sa ƙwai ko madara ko gari. Nan ne 'yan algus suka sami ƙofa. A 1851 mujallar likitoci ta Lancet ta bincika kokon kasuwar Landan, aka tarar da sitaci da jar ƙasa a da yawa daga ciki.

Dalibi_Bagauda:
Ranka ya daɗe, an ce wani Bature Hans Sloane ne ya ƙirƙiro sa madara a Jamaika. Gaskiya ne?

Malam_Nafiu_Zariya:
Ya zauna a Jamaika daga 1687 zuwa 1689, wannan tabbas ne, kuma daga baya 'yan kasuwa sun yi ta sayar da cakulan da sunansa. Amma an riga shi haɗa cakulan da madara. Talla ce ta ba shi kambun.

Abin da ya fi wannan daɗin ji shi ne rigimar azumi. Malaman cocin Katolika sun daɗe suna jayayya ko shan cakulan yana karya azuminsu, tunda a nasu azumin abin sha ba ya karyawa, abinci ne ke karyawa. Wani Antonio de León Pinelo ya rubuta littafi guda a kan wannan mas'ala kaɗai a Madrid a 1636. A shekarun 1660 Kadinal Brancaccio, wani babban malamin cocin, ya ba da fatawar cewa abin sha ne. Wannan kaɗai ya nuna maka kaurin abin, ba wanda zai yi wannan gardama a kan ruwan shayi.

Sabo_Badun:
Ana ta maganar kofi da kumfa, ba a ce komai ba kan wanda ya yi aikin. Da cututtukan Turawa da aikin tilas suka cinye mutanen yankin Izalcos (a El Salvador ta yau) da Soconusco, noman ya koma Benezuwela, kuma bayi daga Afirka ne suka riƙe gonakin. A 1728 sarkin Sifen ya ba wani kamfanin 'yan Basque na arewacin Sifen, Guipuzcoana, ikon cinikin Karakas ta Benezuwela shi kaɗai. Ya danne farashi har manoma suka yi bore a 1749 ƙarƙashin Juan Francisco de León, 'yan Holan kuma suna ta fasa-ƙwauri daga tsibirin Curaçao. Sukarin da Bamaradi ya auna shi ma na bayi ne. Hatta niƙan: takardun attajirin garin Newport na gaɓar Amurka, Aaron Lopez, sun nuna baƙaƙen fata ne suke niƙa masa.

Bamaradi_77:
Tunda an shigo Amurka. Can ya fi arha kan Ingila, saboda kusanci da tsibiran Karebiyan da kuma harajin da Ingila ta lafta masa. A 1670 aka ba wasu mata biyu, Dorothy Jones da Jane Barnard, izinin sayar da kofi da cakulan a Boston. A 1765 John Hannon da James Baker suka kafa maniƙa mai aiki da ƙarfin ruwa a kogin Neponset, duwatsu biyu kamar na niƙan alkama. Wannan ya ɗan gyara maganar Dan Gwale ta "babu inji". Benjamin Franklin ya sa laba 6 ta cakulan a cikin kowane ƙunshin guzurin da aka aika wa hafsoshin rundunar Janar Braddock na Ingila a 1755, saboda curin yana daɗewa bai lalace ba. Ɓawon ma ba a zubarwa, a gidan George Washington ana dafa shi kamar shayi. Kuma da bazara masu yi suna rufe aiki, don ba ya daskarewa.

Ummu_Hanifa:
Wato a Kano ko Maraɗi sai da hunturu kenan.

Mai_Injin_Nika:
Sosai kuwa. Disamba zuwa Janairu, a zuba da yamma ya kwana. Bayan kwanaki za ki ga ya yi fari-fari a sama, kada ki zubar. Man ne ya taso, ba fumfuna ba ce, nasu ma haka yake yi.

Zango_Kumasi:
Namu mulkin mallakar kuwa labarinsa daban ne, mu noma aka bar mana ba niƙa ba. 'Yan Fotugal suka kawo irin daga Birazil zuwa tsibiran São Tomé da Príncipe a shekarun 1820, daga nan ya shiga tsibirin Fernando Po (Bioko ta yau). Tetteh Quarshie, maƙeri ɗan ƙabilar Ga, ya dawo da shi daga can ya shuka a Mampong ta Akuapem a Gana a 1879, ko da yake 'yan mishan na Basel sun riga shi gwadawa. Zuwa 1911 Gold Coast, wato Gana ta yau, ta fi kowace ƙasa a duniya fitar da koko, kuma ƙananan manoma ne suka yi, ba gandun Turawa ba. Mutanen arewa da Mossi na Burkina Faso ta yau suka yi ta gangarowa ƙwadago, da yawa a tsarin abusa, wato mai kula da gona ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku. Zangunan da fataucin goro ya kafa su ne masaukin baƙi. Daga ƙarshen 1937 zuwa 1938 manoma suka ƙi sayarwa watanni, saboda kamfanonin Turawa sun haɗa baki kan farashi.

Sabo_Badun:
Ka ƙara da São Tomé ɗin kanta. Har farkon ƙarni na 20 mutanen da ake kamowa daga Angola ne ke aiki can da sunan kwantiragi, ba mai komawa gida. Ɗan jarida Henry Nevinson ya tona asirin a 1906, amma sai 1909 Cadbury da Fry da Rowntree suka daina saye, lokacin da Gold Coast ta riga ta isa ta cike musu gurbi. A Najeriya kuma hukumar sayen koko da aka kafa a 1947 ita ce ta riƙa yanka farashi a lokacin, da rarar kuɗin aka yi ayyuka da dama a yankin Yammacin Najeriya, har da Cocoa House na Ibadan da aka buɗe a 1965.

Dalibi_Bagauda:
To me ya sa manoman Gana da ƙasar Yarbawa ba su koyi shan sa ba kamar 'yan Meziko?

Malam_Nafiu_Zariya:
Domin a matsayin kayan sayarwa ya zo, ba tare da dutsensa da maburginsa ba. Kwatanta da Filifin: jiragen Sifen da ke zirga-zirga tsakanin Acapulco da Manila sun kai bishiyar da al'adar tare a ƙarni na 17, har yau suna yin curin a gida suna ce masa tablea. Sannan mu nan muna da goro, wanda dangi ɗaya ne da koko a wajen masana tsirrai, yana kuma ba da irin wartsakewar da ake nema.

Zango_Kumasi:
Allah ya gafarta Malam, hujjar goron ba ta zauna mini ba. Masu cin goro da yawa 'yan arewa ne, inda kokon ba ya fitowa don ƙarancin ruwan sama. Manomin Akuapem ba goro ne ya hana shi ba. Ƙwayar da zai niƙa ya sha kuɗi ce a hannu ranar awo.

Gwaggo_Ladi:
Ku bar gardamar goron. Mai inji, a koma kan dutse. In mutum ba shi da mai ƙafa, turmi zai yi?

Mai_Injin_Nika:
Turmin itace yana shan mai, kuma warin daddawa ko barkonon da aka taɓa dakawa zai bi cakulan ɗin. Gara dutsen niƙa na gida, a wanke shi tas, a bar shi a rana ya bushe ya ɗau ɗumi, a ɗora shi kan duwatsu uku a tura garwashi kaɗan. Injin markaɗe na unguwa kuwa kada a soma, da ruwa suke kora shi.

Bamaradi_77:
Ni dai ban yarda a sa sukari a zagaye na uku ba. A na biyu ya kamata, ya samu ya niƙu tare da kokon, in ba haka ba tsakinsa zai fito a curin.

Mai_Injin_Nika:
In ka sa a na biyu zai shanye man kafin ya gama fita, hannunka ne zai gaya maka. Tankaɗe shi da kyau ka bi sau huɗu.